Abin Da Delfina Ta Gani A Jininsa

Takardar na kan katakon yankan nama, maiƙo ya ɓata gefenta, amma Delfina ta gane ta tun daga bakin ƙofa. Daga ɗakin bincikensu na jami'a ta fito. A samanta ga haruffa biyu na sunan Wendell, mutumin da saura mako uku ta aura.

Gabanta bai faɗi ba. Ba ta ji komai ba ma, kamar an yi wa jikinta duka allurar kashe zafi.

"Samu wuri ki zauna, malama," in ji Mama Lurleen, uwarsa, tana ci gaba da yanka albasa.

"Mama, wa ya kawo wannan?"

"Ƙawarki Tamsin, ta wurin aikinku. Ita dai da sauran kunya a idonta."

Kunya a idon Tamsin? Yarinyar da ta shekara tana zuwa gidan gasa naman nan na su Wendell da sunan sayen naman ƙirjin saniya, idonta na kan mai gasawar. Delfina ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa.

Wendell ya shigo daga wajen murhu, rigarsa duk hayaƙi. Yau babu "rabin raina" da ya saba tarbarta da shi.

"Karanta min, Delfina. Ni mai gasa nama ne, ban san lambobi ba."

Shekara shida tana aiki a kan wani sinadari na jikin ɗan Adam, sulfotransferase, sunan da Wendell bai taɓa iya faɗa ba, sai dai ya ce ɗan sharar hanta. Aikinsa ke nan, ya kama datti ya miƙa a fitar. Sai dai idan ya kama wani abu da ke cikin baƙin naman da wuta ta ci sosai, maimakon ya kashe masa kaifi sai ya wasa shi, har ya iya taɓa ƙwayar halitta ya buɗe wa ciwon daji ƙofa.

Masu irin aikinta kuwa suna da wata ɗabi'a. In za su gwada sabuwar na'ura, jinin na kusa suke nema, nasu ko na wanda tsautsayi ya kawo. A irin wannan rana ce Wendell ya kawo mata abincin rana, ya miƙa hannu yana tsokanarta. Sharaɗi ɗaya ya kafa. Ciwon dajin hanji ne ya kashe ubansa, kuma ba ya son sanin komai game da nasa jikin.

Ta yi alkawarin ko ita ba za ta duba ba. Da sakamako ya fito, ta duba.

"Sinadarin naka yana aiki da ƙarfi fiye da na yawancin mutane," ta ce, muryarta kamar tana karanta wa ɗalibai darasi. "Ba ciwo ba ne. Ba hukunci ba ne. Mutane da yawa suna haka har su tsufa..."

"Shi ya sa kike kankare masa baƙin nama a faranti," Mama Lurleen ta katse ta. "Wata huɗu ina kallonki. A gidan nan, a Texas, mace ta kankare abin da muka shekara arba'in muna alfahari da shi. Na ɗauka iyayi ne, ashe gawa kike gani."

"Mama, ba mu wuri."

Ta fita tana ƙunƙuni, da wuƙarta a hannu.

Wendell ya jingina da bango. Babban mutum ne, amma yau sai ta ga ya ƙanƙance.

"Saɓa alkawarin zan iya yafewa. Na san ki, ko kwalin magani kika gani sai kin karanta bayansa."

"Wendell, ka yi haƙuri..."

"Tsaya. Sau uku ina neman aurenki kina cewa aiki, kina cewa ba yanzu ba. Rannan kawai kika kira ni kika ce kin yarda. Na bar wuta babu kowa, na yi ta tsalle a titi kamar mahaukaci." Ya dangwala yatsa a kan kwanan watan da ke ƙasan takardar. "Kafin ki ga wannan ne, ko bayan?"

Ƙarya na nan kusa, kalma ɗaya ce. Tana son sa, wannan ba ta shakka. Abin da ba ta sani ba shi ne ko da ta ce to in da ba ta tsorata ba. Ta leƙa zuciyarta tana neman amsa, ta tarar da ita wayam.

"Bayan," ta ce. "Da kwana biyu."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na ɗauka zaɓa ta kika yi."

"Ina son ka."

"Na sani. Amma ni mata nake nema, ba mai jinya ba. Duk safiya in na farka na ga kina kallona, ba zan san me kike dubawa ba."

Ta zare zoben da kanta, don kada ta sa shi roƙo. Ya ɗan cije a gaɓar yatsa, sannan ya fita. Ta ajiye masa a tafin hannu, ya rufe hannun bai duba ba.

A mota ta zauna tana jiran kuka ya zo. Mutane suna ta shiga layin abincin rana, wata mata ma ta ƙwanƙwasa gilashi tana tambaya ko fita za ta yi, tana son wurin.

"Eh," in ji Delfina. "Fita zan yi."