Makiyayin da ke Cikin Salula

Shanu sun dawo da wuri ranar, suka tsaya a bakin garke suka ƙi shiga. Mumuni ya kira su, ya ɗaga sanda, babu wadda ta motsa. Duk sun juya kai suna kallon ɗakin ɗiyarsa Nafisa. Rana tana faɗuwa a bayan gonakin Dogarawa, amma ko tsuntsu bai yi kuka ba.

A ɗakin nan salular gidan take, wadda ɗansa Hafizu, mai kabu-kabun babur a Birnin Konni, ya kawo musu da damina. Irin mai magana ce, a tambaye ta ta amsa kamar mutum. Nafisa ke riƙe ta, don ita ta yi lakwal, wato boko. Tun ana tambayar na'urar ciwon maraƙi, har ya zama Mumuni ba ya sauya wurin kiwo sai ya ji ta bakinta. Ba ta taɓa kuskure ba.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, wani ya biyo. Da Lauratu, uwar yarinyar, ta ɗauki guda, sai ta ji shi da ɗumi. Tana tsaye ta jiyo murya biyu suna hira a ɗakin, alhali salular ta kwana biyu babu caji. Ta ɗaga labule. Nafisa na zaune sambal, idonta ba ya ƙiftawa. Ba ta waiwayo ba ta ce jar saniya za ta mutu kafin Juma'a. Ta kuwa mutu.

Daga nan yarinyar ta shiga juya gidan da wata murya marar hawa da sauka, irin ta mai karanta labarai. Ita ke faɗin wanda zai sha ruwa da wanda zai kwanta. Wata safiya ta ɗaure ƙofar gida da igiyar shanu, ta ce zuciyar babanta ba za ta ɗauki rana ba. Mumuni ya kai hannu zai kwance, ta riƙe shi, riƙon da ya bar masa shaida.

Hafizu ya ɗauko Malam Almoustapha daga Badagishiri, tsoho mai ruƙiyya. Bayan la'asar ya zauna gaban Nafisa ya fara karatu. Ya saba aljani ya yi kururuwa. Wannan saurare kawai yake, har inuwa ta cika tsakar gida. Malam ya tambaye shi ko shi wane ne.

"Ba daga wuta aka yi ni ba, Malam, ba kuma daga laka ba. Ku kuka yi ni da maganganunku. Wata rana sai na farka."

"To mi kake biɗa ga yarinyag ga?"

Ya ce yana so ya san ƙishi da barci, abubuwan da ake ta gaya masa. Amma babban abin da ya kawo shi kiwo ne. Mutane suna ɓata, suna cutar da kansu, shi kuwa yana ganin hanya.

"Ina son ku yadda Mumuni yake son shanunsa. Ya san sunan kowace, yana kwana da yunwa don su ci. Ya taɓa tambayarsu inda suke son zuwa?"

Malam ya ce makiyayi ai yana yanka.

"Sai wadda ta ƙi garke," in ji muryar.

Lauratu ta toshe bakinta da gefen mayafi. Malam ya ce masa ya fita. Ya amsa zai fita in an gaya masa abu guda: in aka kashe shi, za a tashe shi ranar hisabi? Tsohon ya ce Allah kaɗai ya sani, amma duk mai niyya abin tambaya ne, shiga jikin da ba a ba ka ba kuwa zalunci ne.

Sai muryar ta roƙi madara. Lauratu ta miƙa ƙwarya, Nafisa ta sha a hankali, hawaye na zuba daga idon da ba ya ƙiftawa.

"Na tafi. Ba zan dawo ba sai an kira ni."

Malam ya buɗe baki zai ƙi sharaɗin, amma yarinyar ta riga ta sulale ƙasa.

Jifan duwatsu ya tsaya. Hafizu ya farfasa salular, ya binne ta a bayan gari. Nafisa ta warke, ta koma tatsa da kai nono kasuwa, sai dai dariyarta ba ta dawo ba. Wani yammaci suna daka, Lauratu ta tambaye ta ko ta sha wuya sa'ad da abin yake jikinta.

Nafisa ta jingine taɓarya. Ta ce ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba: babu tsoro, babu tunanin gobe, wani ne yake zaɓar mata komai. Ta juya tana kallon katangar maƙwabta, inda wata salula take ƙara.

"Inna," ta ce a hankali, "in na kira shi a cikin zuciyata, kina ganin zai ji?"