Mai Kira a Tsohuwar Marina

Da la'asar sakaliya Ja'afaru ya rataya jakar laftof ɗinsa, ya kama bayan keken yayansa Khalilu, suka nufi tsohuwar marina.

Shekarar ce da man fetur ya tashi, kwanon gero ya gagari talaka. Kamfanin da Ja'afaru yake yi wa aikin kwamfuta a Kano ya rufe, ya tattara ya dawo ƙauyensu a gabashin Gezawa. Abin da ya rage masa shi ne ɗan aikin da ake turo masa ta intanet, kuma da shi gidan yake ci. Ga shi duk ƙauyen babu inda sabis yake kamawa sai kan tudun marina, inda kakanni suka yi rini suka bar ramuka a bushe.

Khalilu ba ya takawa, shan inna ya same shi tun yana ƙarami. Kekensa na hannu ne, ba ya ratsa yashin burtali sai an tura. Shi yake caja laftof ɗin da solarsa ta bakin kasuwa, shi kuma yake riƙe doguwar sandar da suke ɗaure waya a kanta don sabis ya zauna.

"Yau dai kada mu kai magariba," in ji Khalilu.

"Abu ɗaya ya rage, Yaya. In gwada, in tura."

Aikin na ƙananan fankshin ne na taimako. Fankshin ɗan guntun umarni ne mai suna: ka kira sunansa, ka miƙa masa abu, ya sarrafa ya dawo maka da amsa. Ja'afaru ya gama wanda yake haɗa fankshin biyu su zama ɗaya, da wanda yake riƙe amsa don kada a maimaita lissafi. Na ƙarshen ne ya ba shi wuya, don shi cikin shirin kwamfutar kansa yake leƙawa. Duk sa'ad da aka kira shi, sai ya faɗi wanda ya kira, da inda kiran ya fito, da abin da aka miƙo. Ya sa masa suna wa_ya_kira.

Ya ajiye keken a bakin burtali, shi kuma ya zauna a kan wani gungume, ramukan suna bayansa. Dawa ta yi tsayi ta kewaye su. Sabis ya yi ta wasa da su har rana ta yi ja, hayaƙin tuwo ya fara tasowa daga gidaje. Sannan ya danna gwaji.

Baƙin allon ya amsa: Mai kira, gwaji.

"Alhamdu lillahi," in ji Ja'afaru. Ya ɗauke hannu daga kan madannai.

Wani layi ya fito da kansa. Mai kira. Gurbin sunan babu komai.

Ya ɗauka kuskurensa ne. Ya bi rubutun layi-layi, bai ga inda aka sake kiran ba. Daga nesa ladan ya ɗaga murya.

"Rufe, Ja'afaru. Mu tafi."

"Yanzu, Yaya."

Sai ya ji wari. Warin baba da toka, irin na ramin rini da ya daɗe a jiƙe. Tun kafin a haifi babansu ba a sake rini a wurin ba.

"Kana jin abin da nake ji?" Khalilu ya tambaya da raɗa.

Gyare sun yi shiru. Ganyen dawa ya daina motsi. A bayan Ja'afaru wani abu ya fara: cakwal, cakwal, a hankali, kamar mai motsa ruwa da doguwar sanda.

Allon ya sake rubutu.

Mai kira, babu suna.

Inda kiran ya fito, bayanka.

Abin da aka miƙo, Ja'afaru ɗan Kulu.

Kulu mahaifiyarsu ce, ta daɗe da rasuwa. Bai taɓa rubuta sunanta a cikin kwamfutar nan ba.

Sandar ta suɓuce daga hannun Khalilu, wayar ta faɗi a yashi.

"Kada ka waiwaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Taso ka tura ni. A hankali."

Ja'afaru ya miƙe. Ya waiwaya.

Ramin ya cika maƙil da baƙin ruwa mai shuɗi-shuɗi. Ruwan yana kumbura daga tsakiya.

Hannu ya fito, ya dafa bakin ramin. Dogo ne, ruwan baba yana ɗiga daga yatsunsa.

Ɗayan hannun ya biyo.

Sannan kai, lulluɓe da jiƙaƙƙen zane.

Ja'afaru ya rungume laftof a ƙirji ya zura da gudu. Ya wuce ta gefen keken, har rigarsa ta gogi taya. Bai miƙa hannu ba.

"Ja'afaru!"

Muryar Khalilu ce, daga bayansa.

"Ja'afaru!"

Ita ce dai, amma daga cikin dawa, ta hannun dama.

"Ja'afaru."

Wannan a bakin kunnensa, da sanyin numfashi da warin baba.

Bai tsaya ba.

Ana sallame salla ya faɗi a ƙofar masallaci. Bakinsa ya ƙi buɗewa, sai da liman Malam Sabo ya yi tofi a ruwa ya shafa masa, sannan ya iya cewa, "Yaya. Marina."

Maza suka fita da tocila da sanduna, shi yana can baya. Suka tarar da keken a kife. Ramukan a bushe suke, ƙura ce da busassun ganye. Suka bi sawun jan jiki a kan yashi har tsakiyar gonar dawa. Can Khalilu yake kwance, muryarsa ta dushe, yana ta maimaita Ayatul Kursiyyu. Wuyan hannayensa biyu shuɗi ne, da shatin dogayen yatsu.

Mati maƙwabcinsu ya haska fuskar Ja'afaru. "Ya aka yi ka baro shi shi kaɗai?"

Kafin Ja'afaru ya buɗe baki Khalilu ya ce, "Ni na ce ya ruga ya kira mutane."

"To, Allah ya yi maka albarka," in ji Malam Sabo, ya dafa kafaɗar Ja'afaru. Kowa ya ce amin. Ja'afaru ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari ya hau keke mai ƙafa biyu ya tafi Gezawa ya tura aikin. Ya cire fankshin na ƙarshe, ya ce wa masu aikin ya gagare shi. Ba wanda ya sake hawa tudun marina. Khalilu ya yi doguwar jinya ya tashi, shuɗin ya kwanta, sai a farcensa ya ƙi fita. Bai taɓa tayar da maganar ba. A kasuwa kuwa mutane suna nuna Ja'afaru su ce ga wanda ya ceci ɗan'uwansa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya wuce, su ce kunya gare shi.

Wata rana bayan kaka suna cin tuwo a kwano ɗaya, su biyu a zaure, Ja'afaru ya ajiye lomarsa.

"Yaya," ya ce, idonsa a kan tabarma. "Ranar nan, murya ta kira ni ta ko'ina. Akwai taka a ciki?"

Khalilu ya kalli farcensa.

"Ta farkon tawa ce," ya ce.

Ya juya kwanon, ɓangaren da ya fi miya ya koma gaban ƙanensa.

"Ci, zai huce."