Baƙuwar Shagon Mudi Mai Hoto

Ku matso kusa. Ke Hajo, kife wayar nan, ba da bango nake magana ba.

Mudi mai hoto, wanda shagonsa ke bakin tasha, shi abin ya samu. Lokacin matarsa na da jego, kwana biyar. Ya riga ya yi wa jaririyar huɗuba, ya raɗa mata suna a kunne, bai faɗa wa kowa ba. Ko uwar ba ta sani ba, sai ranar suna.

Ƙanwarsa Balaraba, da ta yi boko mai zurfi, ta sa masa wata manhaja a kwamfutarsa. Mai gadi take ce mata, mai kama masu leƙen asiri. Ta ce, "Yaya, in ta nuna maka ja, da sunan da ba ka sani ba, danna 'a hana'. Na san ka da kunyar baƙo."

Ranar Juma'a ce, rana tsaka. Kowa ya tafi masallaci, shi ya tsaya gyaran hoton jaririyar. Tasha shiru. Ko akuya babu.

Sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa. Ba ta yi sallama ba.

"Ɗan nan, cire mini hoton jikata daga wayar nan."

Ta miƙo. Wayar sanyi ƙalau, kamar daga gindin randa.

"Shigo ki zauna" ya zo masa har baki, sai ladan ya ɗaga murya, maganar ta tsaya. Ya haɗa wayar da kwamfuta.

Allon ya yi ja. Wani abu na neman shiga ma'ajiyar hotuna, a bari ko a hana? Mudi ya duba sunan abin. Ba boko ba ne, ba ajami ba. Kamar sawun kaza a kan rairayi.

"Iya, ina kika samo wayar nan?"

"Ta gida ce. Danna."

"Mai gadina bai san ta ba."

"Yaushe ƙarfe ya fara sanin mutane? A gidanku haka ake korar baƙo?"

Kunya ta kama shi. Uwar wani ce, ga rana na dukanta. Ya ɗora yatsa kan 'a bari'.

Sai ya lura. Ranar na dukanta, amma ba zufa. Tun zuwanta ba ta tsallako dokin ƙofa ba. Kuma bakinta kan rufe kafin maganar ta iso.

Ya janye yatsa.

Ta yi ƙasa da murya. "Ba zan ɗauki komai ba. Fuskar Rumasa'u kawai zan gani."

Jikoki, sunan nan daga bakinsa sai kunnen 'yarsa.

Ya kalli ƙasa. Zanenta bai kai ya rufe ƙafarta ba. Kofato ne, irin na jaki, da ɗanyen taɓo a jiki, a garin da ya yi wata huɗu ba ruwa.

Bai yi ihu ba. Ya yi bisimilla, ya danna 'a hana'. Jan ya dawo. Ya hana. Ya sake dawowa.

"Ka ce in shigo," in ji ta.

"Ban san ki ba."

Ya hana na uku, ya fizge igiyar da ta haɗa wayar da kwamfuta. Da ya ɗaga kai, ba kowa. A kan tebur, inda wayar take, sakaina ce.

Da gudu ya isa gida, ba takalmi. Ya tarar jaririyar ta yi kuka har ta shiɗe tun kiran salla, yanzun nan ta kama nono.

Rumasa'un nan ita ce ke kawo muku alewa daga makaranta. Ku tambayi ubanta, ba zai ba ku amsa ba.

Saboda haka in an kira salla, kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a shago. Wanda kuma ba ku san sunansa ba, a ƙofa ne ko a cikin waya, ku bar shi a waje. Ba sa shiga sai an ce su shigo.

Hajo, ba ni wayar nan. A ɗakina za ta kwana.