Baiti Na Uku

Butar kofi na hannuna lokacin da rediyon gidan abincin da nake aiki ya ambaci sunana.

"Ga ɗan garinmu Coy Tackett, da waƙar da aka fara saki daga faifansa na farko, 'Sai Wata Rana, Raylene'."

Cokula suka tsaya cak.

A baiti na farko ya loda jitarsa a akori-kura, ya nufi Nashville, birnin mawaƙa. A na biyu ya haye gadar garinmu bai waiwayo ba, Raylene na tsaye a baranda tana kuka. Daga nan kiɗa ya mutu, aka shiga tallan takin zamani.

Shekara huɗu muna tare, ashe a rediyo za a sallame ni...

Tsoho Hoyt, mai zuwa karin kumallo kullum, ya turo min kofinsa.

"A zamaninmu, yarinya, wasiƙa ake aiko wa mace. Yanzu kuma har da goge."

Aka yi dariya. Na tsere kicin, na kira Coy. Kendra ce ta ɗauka, ta kamfanin da ya ɗauke shi, wadda ba ta taɓa ɓoye cewa tana sonsa ba.

"Yana hira da 'yan rediyo, ƙawata. Kin ji waƙarki? Ni na zaɓe ta."

Nan take na toshe lambarsa.

Babana manomin taba ne, dattijon coci, kuma tun farko bai yarda da Coy ba. Da na dawo gida ko kallona bai yi ba.

"Na gaya miki. Mawaƙi ko uwarsa ce ta mutu, amshi zai fara nema."

Sati uku waƙar nan tana bi na, daga gidan mai har kanti. A coci mata sai su dafa ni su ce, "Allah sarki, Raylene." Wannan tausayin ya fi dariyar Hoyt ciwo. Na tsani Coy, kuma abin haushin, duk sanda muryarsa ta tashi sai na ƙara sauti.

Ran Juma'a faifan ya fito. Asabar da safe Baba ya leƙo kicin.

"Zo mota."

"Ina za mu?"

"Ba inda za mu. Na sayi faifan ne don in ji iyakar cin mutuncin da aka yi wa 'yata."

Muka shiga mota, ya kunna. Jita, gada, baranda, kuka... Na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni.

Kiɗan bai mutu ba.

A baiti na uku motar ta juya a kan iyakar gundumarmu. Yaron bai tsaya a baranda ba, rumbun taba ya wuce, ya cire hularsa don girmamawa a gaban uban yarinyar, ya roƙi aurenta.

Na fashe da kuka.

"Minti huɗu da rabi ce," in ji Baba. "Rediyo ba ya son abin da ya wuce uku da 'yan kai, sai a yanke wutsiya. Wannan Kendrar ce ta yanke. Ya yi faɗa da su, amma sabon mawaƙi ba shi da baki."

"Wa ya gaya maka?"

"Shi. Na kira shi jiya. Ya ce in gaya wa rabin ransa ta buɗe waya. Ka ji rashin kunya, a kunnena."

"Baba, duk ƙasar nan ta ji an bar ni. Wa zai ji an dawo?"

"Ni na ji. Ba ni ne aka rubuta wa ba?"

"To me ka ce masa?"

"Na ce a waƙa kowa ma ya iya cire hula."

Daga can ƙasan hanya wata tsohuwar akori-kura ta ɓullo, na gane ta Coy ce daga ƙarar injinta tun kafin in gan ta.

Baba ya buɗe ƙofa, ya gyara zaman hularsa.

"Share fuskarki. In ya tambaya, ina rumbu."