Wuƙar da Ba Ta da Suna

Da hantsi aka kira caji ofis cewa an tsinci gawa a Fadaman Mada, gidan Alhaji Hammawa mai shanu.

Sufeto Istifanus ya iske layin maƙil da mutane. Babu mai kuka, babu mai ɗaga murya. Ya daɗe yana aiki a Bauchi, ya san irin wannan shirun ya fi ihu haɗari.

Gawar tana garken bayan gida. Abdulsalam ne, ƙaramin ɗan Alhajin, an soke shi sau ɗaya a ƙasan haƙarƙari. Shanun sun koma gefe guda sun zuba ido. Saje Agnes ce ta tono wuƙar daga cikin kashin shanu, inda kofato ya danne ta. Wuƙar aljihu ce mai naɗewa, jar ƙota, da ɗan farin ƙarfe a jikin ƙotar, babu rubutu a kansa.

Wani dogon mutum cikin shadda ya matso. "Ni ne Izzuddeen, wansa. Yallaɓai, ba sai kun wahala ba. Jesse ne, mai keken da ke kawo mana dusa. Jiya suka yi cacar baki, duk layin nan an ji."

"Ka san wuƙar nan?"

"Irin tamu ce, amma ba tamu ba ce. A Babbar Sallah Baffa, mahaifinmu, ya raba mana, mu uku, kowa da sunansa a jiki."

Ya zaro tasa ya miƙa. An zana IZZUDDEEN a kan farin ƙarfen. Aka laluba aljihun mamacin, aka sami tasa da sunansa. Ƙanwarsu Habibatu ta fito da tata. Da idonta ya sauka kan ta Izzuddeen sai ta sake dubawa, sannan ta sunkuyar da kai.

Istifanus ya ga wannan duban.

A bakin ƙofa wani dattijo ya tare shi. "Da la'asar za mu kai shi makwancinsa, Sufeto. Samarin nan kuwa, daga maƙabarta ban san inda za su nufa ba."

Istifanus ya sani. Gidan Christiana, mahaifiyar Jesse, layi biyu ne kacal daga nan.

A caji ofis, an riga an kawo Jesse an tsare shi a bayan kanta, leɓensa a fashe. Waɗanda suka kamo shi ba su jira 'yan sanda ba.

"Ina kake da asuba?"

"Gida, Oga. Na rantse."

"Buhun dusar da na gani a bakin garke, sabo fil, aljanu ne suka sauke shi?"

"To, na je. Na sauke, na leƙa, na gan shi kwance cikin jini. Oga, kai ɗan Bogoro ne kamar ni. In kai ne, za ka tsaya ka yi bayani?"

"Faɗan jiya fa?"

"Wane faɗa? Kekena ya gogi ƙofa, ya ce a makaho na koyi tuƙi, na ce shanunsa sun fi shi hankali. Kullum haka muke. Abdul bakinsa ba linzami. Wansa ma bai bari ba, Malam Wane yake ce masa."

"Malam Wane? Me ya sa?"

"Oho. Amma in ya faɗa, sai ka ga fuskar wan ta canja."

DPO ya leƙo ofis. "Istifanus, kana da mutum, kana da wuƙa. Rubuta ka tura sama, gari ya lafa."

"Gari zai lafa a kan gidan uwarsa, yallaɓai. A ba ni zuwa la'asar."

Istifanus ya koma Fadaman Mada. Alhaji Hammawa yana zaune a zaure kan buzu, siririn tsoho, idanunsa a bushe.

"Allah ya jiƙansa, Baffa, ya ba da haƙuri."

"Amin. Mun gode."

"Wa ke ba shanu abinci da safe?"

"Abdulsalam. Shi na damƙa wa garken."

"Shi kaɗai ya fita yau?"

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. "Wani lokaci wancan yakan leƙa."

"Wancan wa?"

"Babban."

"Ina sunansa, Baffa?"

"Ai ka gan shi ɗazu."

Istifanus ya tashi da Fulani maƙwabta a ƙauyensu. Ya san uwar da har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ya san uban da kan bar wuri in an ambaci nasa. Kunyar ɗan fari ce, kuma a wurinsu ba wasa ba ce.

Ya ajiye wuƙar garken a gaban tsohon, cikin leda. "Ka taɓa ganin wannan?"

Carbin ya tsaya.

"Wuƙa ai wuƙa ce," in ji Alhaji Hammawa. Bai ƙara kallonta ba.

Maƙerin da ya yi zanen yana bakin titi, cikin wata rumfa mai warin gawayi. Da ganin kakin Saje Agnes ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Wuƙa nawa Alhaji Hammawa ya saya a wurinka?" in ji Istifanus.

"Uku, ranka ya daɗe."

"Suna nawa ka zana?"

"To... ai uku ke nan."

"Malam, akwai yaron da za a ƙona gidan uwarsa yau. Suna nawa?"

Maƙerin ya ajiye gudumarsa. "Biyu. Ya ce Abdulsalam, ya ce Habibatu. Na ce ta ukun fa, Alhaji? Sai ya kau da kai ya ce a bar ta haka, mai ita ya san tasa ce. Ita ya fi daɗewa yana zaɓa ma, sai da ya gwada kaifinta a gashin hannunsa."

"To wa ya sa ka zana Izzuddeen?"

"Shi da kansa. Bayan Sallah ya dawo shi kaɗai, ya sayi wata irinta, ya ce in sa sunansa, kada kowa ya ji. Da na gama ya daɗe yana shafa rubutun da yatsa."

Ana shirin fito da makara Istifanus ya shiga zauren. Ya sa Saje Agnes ta rufe ƙofa. Daga Alhajin sai Izzuddeen, sai Habibatu a bakin labule. Ya jera wuƙaƙe huɗu a kan tabarma.

"Uku Baffa ya saya. Ga huɗu."

"Ta huɗun ta Jesse ce," in ji Izzuddeen.

"Baffa," in ji Istifanus, "ɗauki wannan da babban ɗanka ya miƙo mini, ka karanta mini abin da ka ce maƙeri ya rubuta."

Tsohon ya dubi wuƙar. Leɓensa ya motsa, sauti bai fito ba.

"Ba zai iya ba," Istifanus ya ce wa Izzuddeen. "Mutumin da bai iya faɗar sunanka a zaurensa ba, ta yaya zai faɗe shi a rumfar maƙeri? Ka ɗauka ɗan Bogoro ba zai san wannan ba. Taka ita ce marar sunan. Ta faɗi, shanu suka tattake ta, ka nema ka rasa."

Habibatu ta dubi wanta ta fashe da kuka. "Hamma, tun da safe na gane."

Izzuddeen ya zauna daɓas. Da ya buɗe baki, muryarsa a kwance take.

"A hannun kakata na tashi, daga nan makarantar kwana. Na dawo gidan nan kamar baƙo. Wancan. Babban. Kai. Baffa ya ba Abdul garke, ya ba shi suna a wuƙa, ni ya miƙo mini ƙarfe fayau a gaban kowa. Yau da asuba na ce masa a bar jar saniyar nan, kada a sayar, ta mahaifiyarmu ce. Ya yi dariya ya ce, Malam Wane, wanda ko a wuƙa ba a san shi ba, shi zai yi magana a garke? Wuƙar tana hannuna ina yanke igiya. Ban san lokacin da ta shige ba."

"Ka kuma so ka bar Jesse ya mutu a madadinka," in ji Istifanus.

Izzuddeen ya kau da kai.

Istifanus ya juya ga tsohon. "Kai ma ka gane ta, Baffa."

"Tun da ka ajiye ta. Ɗaya ya tafi, na so a bar mini ɗaya." Ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango. "Buɗe ƙofar. Ni zan gaya wa jama'a da bakina, kada a taɓa gidan matar nan."

Ya tsaya a dokin ƙofa ya faɗa, a taƙaice. Samarin da suka zo da gorori suka rasa inda za su sa idonsu.

Saje Agnes ta ɗaura wa Izzuddeen ankwa. Makara ta yi gabas, motar 'yan sanda tana jira ta yamma. Har an buɗe masa ƙofar mota, sai muryar tsohon ta fito daga baya, a shaƙe, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba.

"Izzuddeen."

Ya tsaya cak. Ya so ya waiwaya, Istifanus ya dafa ƙeyarsa ya sunkuyar da shi cikin mota.

"Mu je," ya ce wa direba. "Akwai wanda za mu saki."