Daga La'asar Zuwa Magariba



Cajar wayarta Ilham ta shiga nema a jakar makarantar ƙaninta Bilal, sai yatsunta suka taɓo wani abu mai sanyi naɗe cikin tsohuwar singileti. Ta warware a hankali. Wuƙa ce doguwa, an wasa bakinta har tana ɗaukar ido.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Anti, ajiye min kayana."

Ta juyo a firgice. Bilal ne tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jawur. Yaron da bai ko gama sakandare ba, amma yau kallon da yake mata ya sa ta ja da baya.

"Bilal... me kake yi da wannan?"

"Ta abokina ce."

"Wane abokin? Kalli idonka fa! Me ka sha?"

Ya fizge jakar daga hannunta. "Wallahi in kika gaya wa Abba, kun daina ganina a gidan nan. Ki gwada ki gani."

Ya fice. Ta sulale ta zauna a ƙasa.

Gidansu yana Unguwar Rimi, katanga doguwa, ga maigadi a ƙofa. Mahaifinsu Alhaji Sulaiman babban ma'aikacin gwamnati ne, da safe yake fita sai duhu ya fara yake dawowa. Mahaifiyarsu Mami ma aiki take. A ganinsu 'yan shara, matasan nan masu yawo da adduna suna saran mutane, matsalar wasu unguwanni ce. Ilham kuwa ta san ba haka ba ne, don tun da ta gama digiri take koyar da Turanci da yamma a Unguwar Sarki, a cibiyar Yusha'u.

Yusha'u ɗan Malam Muhammadu ne, mai makarantar allo. Da ya gama karatunsa na boko sai ya gyara wani tsohon gareji a jikin gidansu, ya zuba benci. Yara in sun taso daga makaranta nan suke zuwa. A yi aikin gida, a koyi gyaran waya, in rana ta yi sanyi a buga ƙwallo har kiran sallar magariba. A wannan garejin ta fara sonsa, tun ba ta yarda da zuciyarta ba har ya furta mata, ta rufe fuska da mayafi.

Shi ta kira, tana kuka.

"Yi shiru, sanyin idona, yi min bayani a hankali."

"Malam, Bilal ya shiga cikinsu... na ga wuƙa da idona!"

"Daga tashi makaranta zuwa magariba, wa yake tare da shi?"

"Babu kowa."

"To shi ne. A wannan tsakanin suke ɗauke mana yara. Kar ki yi masa faɗa, ki bar ni da shi."

Bai yi masa wa'azi ba. Filin da su Bilal suke ƙwallo ya bi shi, ya roƙe shi ya zo ya tsare wa yaran cibiyar gida don golansu ya ji ciwo. Daga ƙwallo Bilal ya fara leƙa teburin gyaran waya. Ashe yaron yana da hannu. Ranar da ya tayar da wata matacciyar waya, dariyar da ya yi sai da ta sa Ilham ta fita waje ta share hawaye. Jan idon nan ya fara washewa, ya koma cin abinci a gida.

Sai dai akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba.

Fahad ɗan yayar Abba ne, ya daɗe yana bibiyar Ilham tana kaucewa. Wata Asabar da hantsi aka kira ta falo, ta tarar da shi zaune yana kaɗa makullin mota, Abba kuma riƙe da waya, fuskarsa a murtuke.

"Zo ki gani. Wannan ba shi ne malamin naki ba?"

Hoton Yusha'u ne zaune a tsakiyar wasu matasa a bayan unguwar Kawo, ɗaya har da adda a cinyarsa.

"Abba, zuwa yake ya yi musu magana, ya janyo ƙananan cikinsu..."

"Kawu, ai kowa ya san tare suke," in ji Fahad, murya a sanyaye kamar mai tausayi. "Waccan cibiyar tasa nan yake tara musu yara. Ni tsoron da nake ji, har Bilal an fara ja can."

"Ƙarya kake yi, Fahad!"

"Ilham!" Abba ya daka mata tsawa. "A gabana? To ki saurara. Daga ke har Bilal, wanda ya sake taka Unguwar Sarki ban yafe ba. Maganar aure kuma ki cire ta a ranki. Ba zan ba ɗan daba 'yata ba."

Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta hango Bilal tsaye a matattakala yana girgiza mata kai, idanunsa cike da roƙo. Ta haɗiye maganar.

Da ta sani ba ta haɗiye ba.

Ba a yi nisa ba Bilal ya koma gidan jiya. Ya dawo daga makaranta, ya jefar da jaka, ya fice ta ƙaramar ƙofa. Jan ido ya dawo. Ilham ta rame, ko ƙarar faɗuwar cokali ta ji sai gabanta ya yanke. Yusha'u kuma ya daina kiranta sai saƙo jefi-jefi.

"Ba zan sa ki saɓa wa mahaifinki ba, sahibata," ya ce mata ranar da ta matsa. "Ki yi haƙuri. Ina nan ina neman hanyar da zan ga Bilal."

"Tsoro nake ji, Malam..."

"Allah yana nan."

Ranar wata Laraba, ana gab da la'asar, wayarta ta yi ƙara. Bilal ne, yana magana ƙasa-ƙasa, numfashinsa sama-sama.

"Anti... suna zuwa wurin Malam Yusha'u."

"Su wa?"

"Su Sama'ila, ogan namu. An kama mana mutum biyu, an ce masa Malam ne ya kai sunansu wurin 'yan sanda. Anti, da adduna za su je... kuma sun ce ni zan fara saransa, don su tabbatar ba na tare da shi!"

"Bilal! Bilal, kana ina?"

Wayar ta katse.

Ta kira Yusha'u, tana shiga ba a ɗauka. Ta sake kira. Shiru. Ko takalmi ba ta tsaya zaɓa ba, silifas ɗin banɗaki ta zura, ta figi hijabi ta fita da gudu maigadi yana kiranta. Ta tare Keken haya a bakin titi.

"Unguwar Sarki! Don Allah malam ka yi sauri, rai ne!"

A hanya ta kira Abba, ta faɗa masa komai a cikin kuka, wuƙar, Sama'ila, duka. Ba ta jira amsarsa ba.

Ta tarar da yara cike da garejin, wasu na rubutu wasu na kan teburin waya. Yusha'u yana alwala a bakin famfo, wayarsa tana ciki a caji. Yana ganinta ya miƙe.

"Ilham? Me ya fito da ke?"

"Ka gudu! Suna zuwa, su Sama'ila, ka gudu don Allah!"

Ya kalle ta, ya kalli yaran. "In gudu in bar musu waɗannan?"

Kafin ta amsa suka ji shi. Ƙarar ƙarfe ana jan sa a kan kwalta, ƙiiii... da ihu da fito daga bakin layi. Masu shaguna suka hau jan ƙofofi. Mai rake ya bar bairo ya ruga.

"Shiga ciki ki sa sakata," in ji Yusha'u. "Ki kwantar da su a ƙasa. Duk abin da kika ji kar ki buɗe."

"Ba zan bar ka ba..."

"Ilham, 'ya'yan mutane ne. Shiga!"

Ta shiga, ta danna sakata. Yara suka kwanta a ƙarƙashin benci, wani ƙarami ya riƙe mata ƙafa yana kuka. Ta manna idonta a wata 'yar ɓula a jikin ƙofar.

Sun fi goma. A gaba wani dogo mai tabo a kumatu, shi ne Sama'ila. A gefensa Bilal, fuska duk gumi.

"Malam mai kai rahoto," in ji Sama'ila. "Ka kwashe mana yara ba mu ce komai ba. Yanzu kuma ka koma sayar da mu?"

"Ban kai sunan kowa ba, Sama'ila. Ka san inda nake zama, na san inda kake zama. Da zan kai ka, da tuni na kai."

"Za ka yi bayani." Ya miƙa wa Bilal adda. "Kai, bisimilla."

Ilham ta toshe bakinta da hijabi.

Bilal ya karɓa. Ya ɗaga ta sama kaɗan. Yusha'u bai motsa ba, kallonsa kawai yake yi.

"Ba komai, Bilal," ya ce a hankali. "Na san ba ka so."

Addar ta faɗi a ƙasa, ƙararta ta cika layin.

"Ba zan iya ba, Oga... wallahi bai yi komai ba!"

"Munafuki!"

Sama'ila ya ɗaga tasa ya kawo wa Bilal sara a ka. Ilham ta ga Yusha'u ya yi tsalle ya rungume yaron, ya tare saran da hannunsa. Ta ji ƙarar. Ta ga jini ya yi tsartuwa a farar rigarsa.

Ihun da ta yi, ita kanta ba ta san muryarta ba ce.

Daidai nan mutanen da suka taru don sallar la'asar suka fito daga masallaci da gudu, Malam Muhammadu a gaba da sandarsa, suna kabbara. 'Yan shara suka watse ta lunguna. Ilham ta zare sakata ta faɗa kansa, ta yage gefen hijabinta tana ɗaure masa hannu, jinin yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunta.

"Malam, kar ka rufe ido! Yusha'u, kalle ni! Kar ka tafi ka bar ni..."

"Bilal... lafiya yake?"

"Lafiya yake, ga shi nan!"

"Alhamdulillah," ya ce, idanunsa suka rufe.

A barandar asibiti Abba ya same su, hularsa a hannu. Ya ga 'yarsa jina-jina, ya ga ɗansa durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro. Bilal ya rarrafo ya kama ƙafarsa.

"Abba, ni aka kawo wa saran. Kaina aka nufa. Tun bara nake cikinsu, Malam ne ya fitar da ni, da ka hana ni zuwa na koma." Ya ja numfashi. "Kuma Yaya Fahad ne ya zo da motarsa ya gaya wa Sama'ila wai Malam ya kai sunansu. Ina wurin, na gan shi."

Abba ya dafa bango. Sannan ya juya wurin Malam Muhammadu da ke zaune a kan benci yana jan carbi, ya durƙusa a gabansa, abin da Ilham ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Malam, na zalunci ɗanka. Na kira shi ɗan daba, ga shi ya ba da jininsa saboda nawa."

"Tashi, Alhaji," in ji tsohon. "Mu dai roƙi Allah ya tashe shi."

Allah ya tashe shi. Sai dai yatsu biyu na hannun hagunsa ba su sake lanƙwasuwa ba. An kama Sama'ila a wajen garin Katabu, Fahad kuma Abba da kansa ya miƙa shi ga hukuma, duk da kukan da yayarsa ta zo ta yi masa. Bayan Yusha'u ya warware aka ɗaura aurensa da Ilham, kuma Abba ne ya tsaya ya karɓi baƙi a ƙofar gida, yana nuna ango yana cewa, "Ɗana ne."

Ranar da za su koma buɗe cibiyar, Ilham ta tsaya tana ɓalla masa maɓallin hannun riga, don har yanzu ba ya iyawa da kansa. Ta gama, amma ba ta saki hannun ba.

"Sauran yaran Sama'ila suna nan fa, masoyina. Ba duka aka kama ba."

"Na sani."

"Ni har yanzu in na ji an ja ƙarfe a ƙasa, jikina rawa yake."

Ya ɗago fuskarta. "Kina zaton ni ba na jin tsoro? Wallahi ina ji, amaryata. Jiya ko abinci kasa ci na yi."

"To me ya sa za mu koma?"

Daga waje suka ji hon. Ta leƙa ta taga. Motar Abba ce, ya baro ofis da rana tsaka, Bilal a gaba rungume da akwatin kayan gyaran waya. A kujerar baya kuma wasu matasa biyu ne zaune a takure, kawunansu a ƙasa. Ta gane ɗaya daga cikinsu. Yana cikin waɗanda suka ja adda a layin ranar.

Ta juyo ta kalli mijinta.

"Bilal ne ya kawo su," ya ce. "Sun ce suna so su koyi gyaran waya."

Ta sake leƙa matasan ta taga. Sannan ta ɗauki mayafinta, ta riƙe hannun nasa mai ciwo a hankali.

"Mu je," ta ce. "Kar su jira."