Wasan da Bai Buga Ba

Da yammacin wata Asabar aka turo shi ɗakin gaggawa, rigar ƙwallonsa mai lamba tara ta rine da jini, ko takalmin wasa ba a cire masa ba. Ita ce nas ɗin da ke kan aiki. Ta ɗaga tawul ɗin da aka danne masa goshi da shi, ta ga girarsa ta hagu ta tsage.

"Me ya same shi?" ta tambayi mai kula da lafiyar 'yan kulob ɗin, wanda ya rako shi.

"Kai suka haɗa da mai tsaron baya. Amma fa ƙwallon ta shiga raga. Ba ki gane shi ba? Guduma ne, ɗan gabanmu. Da ka yake cin ƙwallayensa."

Ba ta gane shi ba, don ita da ƙwallo ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ta ɗauko allura, sai ta ga ƙaton ya zaro ido yana ja da baya.

"Malama nas, duk wannan a jikina za ta shiga?"

"Mutumin da ake kira Guduma ne yake tsoron allura?"

"Ai ni dukan ƙusa na saba, ba a taɓa kafa mini ita ba."

Dariya ta ƙwace mata. Ya tsaya yana kallonta har ta gama ɗinkin bai sani ba. Sannan ya juya ga wanda ya rako shi ya ce, "Nawa aka tashi?" Aka faɗa masa. Jim kaɗan ya sake tambaya. Da ya kuma tambaya, sai dariyar ta bar fuskarta. Ta haska masa fitila a ido, ta ce, "Ka tuna lokacin da ka ci ƙwallon?"

Ya ce a hankali, "Ni na ci?"

Ta kira likita, aka riƙe shi har washegari. Da za a sallame shi, ya nemi lambarta, wai ko ɗinkin zai warware. Ta san ƙarya yake, amma ta ba shi.

Saƙon farko ya shigo tun kafin ta isa gida:

"Likitata, ɗinki na nan lafiya. Amma akwai wani wuri a ƙirjina da ya tsage tun jiya, ba ki duba ba."

Ta amsa masa: "Ni nas ce, ba likita ba. Ka sha maganinka, ka daina kallon waya."

"To, Likitata."

Daga nan abin ya kama. Yakan zo bakin asibiti idan ta tashi, ya raka ta tashar mota yana ba ta labarin yadda ya fara: ƙwallon tsumma a lungu, takalmin aro, yayarsa da ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, wadda take wanke masa riga ɗaya tilo kullum bayan atisaye. Ita kuma ta fara kallon wasa a talabijin ɗin ɗakin hutun ma'aikata. Kallo dai ba na daɗi ba. Duk sa'ad da aka samu kona, ta ga ya kutsa cikin ƙattai yana shirin tashi sama, sai ta rufe ido da hannu biyu, ta dinga addu'a har sai ta ji ihu ya lafa.

"Tarana," ta rubuta masa bayan wani wasa, don da lambar rigarsa take kiransa, "ba za ka iya ci da ƙafa ba? Allah ya ba ka har biyu."

"Sanyin idona, kan nan shi ya fito da ni daga lungu. Ki bar shi ya ƙarasa aikinsa."

Da maganar ta isa kunnen Baba, mahaifinta, tsohon direban motar haya ne mai ra'ayin riƙau, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗan ƙwallo? Wasa kike so ki aura?"

"Baba, sana'arsa ce."

"Sana'ar da ake ritaya kafin gemu ya cika?"

Akwai kuma mai kemis ɗin bakin layinsu, wanda ya daɗe yana aiko wa Baba maganin ciwon baya yana tambayar lafiyar 'yarsa. Shi ne ya zo ya zauna a falo, ya nuna wa Baba bidiyon karon nan a waya, yana maimaita shi a hankali.

"Baba, ba ɓata shi nake ba," ya ce. "Amma masu irin wannan buguwar, wasu kafin su tsufa sun manta sunan 'ya'yansu. Ku tambaye ta, ai ita ma'aikaciyar lafiya ce."

Baba ya kira ta. "Gaskiya ne abin da ya faɗa?"

Ta so ta ce ƙarya ne. Bakinta ya kasa. "Yana faruwa, Baba. Ba ga kowa ba."

"To na gama magana. Ba zan ba ki wanda za ki yi jinya tun kina amarya ba."

Mama ta same ta a ɗaki tana kuka, ta shafa kanta ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Tsoro ne yake sa babanki faɗa." Abin da ya fi ci mata rai shi ne tsoron Baba da nata iri ɗaya ne.

Ba su daina magana ba, sai dai ya daina zuwa bakin asibiti. Ya rubuto mata: "Ba zan tsallake Baba ba. Ki ba ni lokaci. Manyan kulob suna kallona bana. Idan na samu wuri mai kyau, zan zo masa da abin da zai gani da ido."

Ana saura wasa biyu a gama kakar wasa, tana tsaye a ɗakin hutu da faranti a hannu, aka bugo kona. Ta ga ya tashi. Ta ga gola ya fito da dunƙulen hannu. Ba ta samu damar rufe ido ba. Ya faɗo kamar an yar da buhu, bai kare fuskarsa da hannu ba, kuma bai motsa ba. 'Yan wasa suka fara ɗaga hannu suna kiran masu agaji, wani ya durƙusa ya riƙe kansa. Sai aka kawar da kyamara.

Farantin ya tarwatse a ƙasa.

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta tsaya a ƙofar ɗakin gaggawa tana jiran motar asibiti, ba ta zo ba, wani asibitin aka kai shi. Kulob ya fitar da sanarwa cewa ya farfaɗo, yana hutawa. Ta rubuta: "Don Allah ko harafi ɗaya ne ka turo mini." Shiru. Ta rubuta: "Tarana, ina jin tsoro." Shiru.

Kwanaki suka wuce. Mai kemis ya tare ta a hanya da murmushin tausayi. "Kin ji labari? An ce wakilin wani babban kulob ya ɗauke shi. Irinsu da sun samu sama, sai su canja lamba." Ta wuce abinta, amma maganar ta bi ta har gado. Ta rasa wanne ya fi muni, a ce yana can kwance bai san kansa ba, ko a ce yana lafiya ya manta da ita.

Ranar Laraba wata mata ta neme ta a wurin aiki, doguwa mai irin idonsa. "Ke ce Likitarsa? Ni ce yayarsa. Ya rantsar da ni kada in faɗa miki, amma na gaji. Taso mu je."

Ɗakin da duhu, an sauke labule. Yana zaune a gefen gado, ya rame. Likita ya hana shi waya da talabijin, haske ma ciwo yake sa masa.

"Yaya, me ya sa kika kawo ta?"

"Ni za ka tambaya," nas ɗin ta ce. "Me na yi maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Biyu-biyu nake gani. Jiya na tsaya a bakin banɗaki na rasa me ya kai ni. Na ce idan kika gan ni haka, za ki ce Baba ya yi gaskiya."

"Shi ne ka bar ni ina mutuwa a tsaye?"

"Ki yafe mini, Sanyin idona."

Ta zauna a kujerar da ke gabansa. "Me likita ya ce?"

"Watanni ba wasa. Ya ce in na sake buguwa kafin in warke, wataƙila ba zan tashi ba." Ya ci gaba, "Amma koci ya zo. Asabar ne wasan ƙarshe, in mun ci mun ɗauki kofi, kuma wakilan manyan kulob za su zo. Ya ce ko rabin lokaci ne in shiga, in ce na warke."

"Ka ce masa me?"

"Na ce zan yi tunani."

"Ba zan ce ka bar ƙwallo ba, na san ita ce rayuwarka. Wannan wasan kawai nake roƙo. Na sha rufe fuskar mutane da zane a ɗakin can. Kada ka sa a turo mini kai."

"In ban buga ba, wane ne ni? Ba ni da takarda, ba ni da shago. Kan nan kaɗai gare ni."

"Shi ya sa nake so ka bar mini shi."

Haka ta fita, ba ta san me zai yi ba.

Ranar Asabar ba ta da aiki. Ta kasa cin abinci, ta zauna a falo gaban talabijin. Baba, wanda Mama ta ba shi labarin komai, ya zo ya zauna a kujerarsa. Masu sharhi suna ta cewa an ga sunan Guduma a cikin 'yan benci. Ta danne bakinta da gefen mayafi. 'Yan wasa suka fara fitowa, tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Sai aka yi sallama a ƙofa.

Mama ta leƙa ta dawo da sauri. "Baban yara, baƙi ne."

Shi ne, sanye da baƙin tabarau, kawunsa na riƙe da kafaɗarsa. Ya durƙusa har ƙasa. Wayar kawun sai ruri take a aljihu, koci ne ke nema.

Baba ya dubi talabijin, ya dubi saurayin. "Ba a can ya kamata ka kasance ba?"

"Na faɗa musu ban warke ba, Baba. Sun bar sunana ne ko zan canja shawara. Na ji tsoron in na zauna a gida zan tafi, shi ne na ce Kawu ya kawo ni nan."

"Ka san abin da ka rasa?"

"Na sani. Wataƙila su sallame ni. Ban zo da komai ba, kuma ba zan ce muku na warke ba. In likita ya yarda, zan koma fili. In bai yarda ba, zan koyi horar da yara. Ina son 'yarku, kuma ina so in rayu in san ta har tsufa."

Baba ya miƙa hannu ya kashe talabijin. "An ce haske na damunka. Tashi ka zauna a kujera." Ya juya ga kawun. "Shekaru na yi a kan titi. Direban da ya ji barci ya faka a gefe, fasinja na zaginsa, shi nake yarda in ba amanar iyalina. Ku bari ya warke, sai ku dawo mu yi magana."

Kulob ɗin bai ɗauki kofi ba. Magoya baya suka yi ta zaginsa a intanet, wasu har jifan ƙofar yayarsa suka yi, aka kuma ƙi sabunta masa kwantiragi. Wakilan ba su sake kira ba. Watannin nan sun yi musu tsawo, kowane hoton kai da za a ɗauka sai ta kwana biyu ba ta da sukuni. Amma ganinsa ya daidaita, ciwon kai ya tafi, likita ya sa hannu. Wani ƙaramin kulob ya ɗauke shi, kuma kocin can ya yarda ya dinga jiran ƙwallo a ƙasa. Ba ya ci kamar da, amma yana ci.

An ɗaura aurensu bayan wannan kakar. Da aka watse, Baba ya sa aka kira masa su biyun. Yayar ango na gefe tana share hawaye, Mama na riƙe da hannunta.

"Na ba ka ita ina jin tsoro," Baba ya ce, "ba zan ɓoye maka ba. Amma na ga kana jin magana lokacin da jin ta ke da tsada. Allah ya tsare mini kai a fili da wajen fili. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa tare da hankalinku da lafiyarku."

"Amin, Baba," suka amsa tare.